Tabitha Biyu a Gidan Fenn

Gwaggo Verna, ƙanwar babana, aikin jinya ta yi a garinmu da ke jihar Connecticut har ta yi ritaya. Ba ta iya zaman banza ba, sai ta ɗora wa kanta neman asali, ni kuma ta ɗora mini tuƙi. Mace ɗaya take bi, wato Tabitha 'yar Josiah Fenn, jikar waɗanda suka tsallako daga Ingila tun ƙasar nan tana hannun sarkinsu. Ta kan Tabitha jininmu ya haɗu da nasu. In babu ita, igiyar ta tsinke.

Mun gano maƙabartar gidan Fenn a bayan wata gonar tuffa. Gwaggo ta durƙusa da burushinta tana kankare gansakuka daga wani ɗan ƙaramin dutsen kabari. Sunan Tabitha ya fito, na ubanta ya fito, sannan shekarunta a duniya: biyu.

"To fa, Gwaggo," na ce, "kakar tamu ta yi saurin haihuwa."

"Rufe mini baki, 'yar nema. Zo ki ɗaga ni."

Muka koma mota. Na ji haushin bakina, don aikin shekaru ne ya rushe mata, ni kuwa ina zolaya.

Amma Gwaggo akwai naci. Da bazara ta sake tasa ni gaba zuwa ƙauyen mijin Tabitha, Eben Cole. A can muka tarar da babban dutse: Tabitha, matar Eben, 'yar Josiah Fenn, ta rasu da tsufanta. Gwaggo ta lissafa da yatsu. An haife ta ne bayan an binne waccan. Haka mutanen wancan zamanin suke yi, in yaro ya rasu sai a mayar wa mai bi masa sunan.

"Ga ta nan, kin samu," na ce. "Mu tafi gida?"

"Mayar da ni gonar tuffa."

"Haba Gwaggo, waccan ai ba tamu ba ce."

Ta tattara furannin da ta kawo, ba ta ajiye ko ɗaya ba.

"Wannan tana da jikoki har da marasa kunya irinki," ta ce. "Waccan ko sunanta ba a bar mata ba."