Mai Facin Lungun da Ba Ya Ɓullewa

Facin taya ya gada wurin mahaifinsa, kuma a ƙarshen wani lungu ya tsufa yana yin sa, da famfonsa, da bahon ruwa na neman huji, da wani benci da bulo ya maye wa ƙafa ɗaya. A da lungun yana ɓullewa titin asibiti, sai wata makaranta ta ja katanga ta toshe shi. Ciniki ya mutu murus. In ka cire kekunan maƙwabta, kaji kaɗai ke zuwa gaishe shi.

Sai ga zamanin taswirar waya. Ita wannan taswira, Allah ya ba ta lafiya, ba ta da labarin katanga. Duk lokacin da babban titi ya cushe, sai ta ce wa direbobi su yanke ta lungun. Haka za su shigo da ƙarfin gwiwa su yi ido biyu da bulo, ga tsoho zaune yana murza yatsa a sama.

"Juya, ɗana, juya. Ba hanya."

"Amma waya ta ce akwai!"

"To ai sai ka ba ta sitiyarin."

Daga nan aka laƙaba masa Baba Juya. Wanda ya tsaya juyawa kuwa yakan tuna tayarsa na neman iska, wani ya sha ruwa, wani ya zauna ya zazzage masa damuwar gidansu. Ciniki ya farfaɗo, tukunya ta daina kwana a bushe, amma abin da ya fi masa daɗi shi ne mutanen. Yana son hira kamar me.

Autarsa, wadda ke koyarwa a makarantar, ta ce masa ana iya gyara kuskuren, in dai mutane da yawa sun kai ƙorafi ta wayoyinsu.

"Ke Auta, wa ya aike ki? Na'ura ta yi kuskure sau ɗaya don amfanin talaka, ke kuma za ki tona mata asiri?"

Ta yi dariya ta ƙyale shi.

Wata rana da azahar wata ƙaramar mota ta shigo a guje. Mace ce ke tuƙi, a baya mijinta kwance ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙe masa riga. Asibiti take nema. Da ta ga katangar sai ta nemi juyawa, ga wata motar ta biyo ta ta tare baya. Baba ya fito yana ihu, yana dukan bayan motar da ta tare su, har aka samu suka fice. Bai taɓa jin yadda mutumin ya ƙare ba, kuma rashin sanin ya tsaya masa a rai.

Washegari ya kira Auta ta nuna masa inda ake latsawa. Shi da bai iya karanta rubutun wayar ba, ya haddace wurin da ido. Daga ranar, duk wanda ya shigo lungun sai ya leƙa ta tagar motarsa.

"Kafin ka juya, kawo wayar nan. Taɓa nan. Yawwa. Faɗa mata an toshe."

Wasu su yi, wasu su yi tsaki su wuce. Ya yi watanni yana korar cinikinsa da hannunsa, matarsa na kallon ikon Allah. Motoci suka ragu kaɗan kaɗan, har ranar da ya wuni bai murza yatsa ko sau ɗaya ba. Kewa ta kama shi, ba ƙarya, amma zuciyarsa wasai.

Da yamma ya shiga gida yana wanke gam a hannu.

"Maman Auta, yau ba wanda ya ɓata."

"Madalla. To mu kuma me za mu ci, Malam?"

"Ara mini baron ɗiban ruwanki in ɗora kayan faci. Gobe bakin titi zan koma."

Ta dubi gwiwoyinsa da suka daɗe suna ciwo. Ta tashi ta ɗaura wa baron tsumma a mariƙi, don kada ƙarfen ya ci masa hannu.