Mahauci da Allurar Suga

Ni mahauci ne ɗan mahauci, haifaffen unguwar Gangare a Jos. Karatun bokona aji biyu ne, shi ma na biyun a bakin taga na yi shi. Saboda haka duk abin da ya fito daga hannun masu takarda, sai na juya shi ciki da bai kafin in karɓa, kamar yadda nake juya hantar saniya.

Ciwon suga ya kama ni 'yan shekaru bayan shigowar dubu biyu. Ƙwaya nake sha, ranar da na tuna. Sai wani ɗan gyambo ya fito mini a babban yatsan ƙafar hagu, ya ƙi warkewa. Ranar da na ji warinsa ban jira kowa ya gaya mini ba, domin mahauci ya san warin naman da ya fara juyawa. Aka kwantar da ni a asibiti. Likita ya ce ƙwaya ta gama aikinta, daga yanzu allura ce safe da yamma har ƙarshen rayuwa. In na yi wasa yatsan zai tafi, ƙafar ta bi shi.

Allura ba ta dame ni ba, in dai wani ne zai yi mini. Matsalar ita ce, mai kemis ɗin da ke yi wa unguwarmu allura, wani Inyamuri mai hannu kamar auduga, ya kwashe kayansa tun bayan rikicin da ya raba unguwannin Jos. Mai ɗakina kuwa ko zare ba ta gani ta sa a allurar ɗinki.

Nas biyu ne ke kula da ɗakinmu. Akwai babbar Sista, 'yar wajen Vom, mai farar hula a tsaye kamar zankon zakara. Ita ba ta tambayarka komai. Za ta ce juya, ka juya, ta soka, ta wuce. Ita na yarda da ita, domin haka na san asibiti. Sai kuma ƙaramar, wadda aka ce a jami'a ta yi karatun nas, ba makarantar da aka saba ba. Ba ta sa hula. Za ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonka ta ce, "Baba, yaya kake ganin jikin naka?" Ni na zo a gaya mini, ita kuma tana tambayata. Tun daga nan na sa mata ido.

Wata safiya ta zo da lemon zaƙi da sirinji a faranti.

"Baba, yau za ka fara koyon yi wa kanka allura."

"Wa kaina? To ke me za ki yi, 'yata?"

"Zan koya maka. Sabon tsari ne. Ba a sallamar mai suga yanzu sai ya iya da hannunsa. Ka ɗauka lemon nan cinyarka ce."

Tana fita, maƙwabcin gadona ya yi gyaran murya. Wani dattijo ne kafinta daga Kwararafa, shi ma Inyamuri, an yi masa aikin ƙaba. Ya ce, "Oga mai nama, ka ji sabon tsari ko? Haka suke farawa. Yau ka yi wa kanka allura, gobe ka ɗinke kanka. Gwamnati ba ta son biyan nas, shi ya sa take mai da mu nas."

Biri ya yi kama da mutum. Dama rediyo kullum maganar gyaran harkar lafiya yake yi, ni kuwa duk lokacin da aka ce za a gyara mahauta, mu ake kora waje. Na lissafa a raina: in na iya, za su sallame ni, kuma ba mai sake kallon ƙafata. In ban iya ba, dole su riƙe ni. Sai na zama daƙiƙi. Ba wahala a wurina, na taɓa yi a aji biyu.

Kullum ta kawo lemo, ta zuƙi ruwa a sirinji ta nuna mini layin da zan tsaya. Ni kuma in sa hannuna rawa, in soki faranti, in ce idona ba ya ganin layin. Ta samo mini tabarau. Na ce tabarau na sa ni jiri. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, wannan kuwa ya ƙara mini zargi, domin ruwa ba ya tsami banza. In ta tafi ta bar mini lemon in ci gaba da gwadawa, sai mu ɓare shi ni da kafinta. Ruwa ne kawai a ciki, kuma lemon ya fi na koyo daɗi.

Sugata ce ta tona mana asiri. Aka gwada aka ga ta hau. Babbar Sista ta ɗaga matashin kaina, sai ga ɓawo.

"Kai ka cinye kayan makaranta?"

Na ce ɓera ne.

"Ɓera mai gemu."

Daga nan ta juya kan ƙaramar, a gabana, a gaban ɗakin duka. "Kin gani ko? Mu a zamaninmu sai ka gaji da wanke fo da gyaran gado kafin a bar ka taɓa sirinji. Ke kin zo da karatun jami'a kina miƙa wa kowa."

"Sista, ba za mu bi shi gida ba. Kuma ba mai yi masa a unguwarsu. In ya fita bai iya ba, da ƙafa ɗaya zai dawo mana."

"To ki shirya masa sanda. Wannan ba zai iya ba. Na san irinsu. Sun iya yanka abin da wasu suka ɗaure musu, amma su taɓa fatar kansu? Tsoro ne ba wani jiri ba."

Wani can a gadon ƙarshe ya yi dariya, ya mai da ita tari. Ni da na kayar da bijimin da ya gagari samarin mahauta, yau a gaban kafinta ake ce mini matsoraci. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙarya ta yi ba duka.

Na ce, "'Yata, kawo na gaskiyar."

Ta kawo kwalbar maganin. Na zuƙa daidai layin, ba tabarau. Na yaye wando, na tsunko naman cinyata kamar zan yanka wa mai saye, na yi bisimilla na soka. Ko cizon sauro bai kai ba. Babbar Sista ta ce, "Hm," ta wuce.

Da azahar na dogara zuwa banɗaki, sai na hango su ta taga, su biyu a kan benci ɗaya, suna cin gasasshiyar masara. Babbar tana kwaikwayon wani yana yaye wando, ƙaramar ta riƙe ciki don dariya. Mutanen da suka yi faɗa da safe! Na koma na gaya wa kafinta. Ya ce, "Oga, an saye ka an sayar, kana tsaye."

Bayan 'yan kwanaki aka sallame ni. An ɗan datse kan yatsan, amma ƙafar tana nan, da ita nake zuwa masallaci. Ƙaramar ta ce in riƙa ajiye kwalbar a gindin randa, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma haka nake yi. Na ji daga baya ita aka ba shugabancin ɗakin, babbar ma a ƙarƙashinta ta ƙarasa aiki. Ko hakan ya yi wa babbar daɗi, ban sani ba.

Ranar da na koma a duba ni, na tarar da babbar Sista ita kaɗai. Na yi ƙasa da murya na ce, "Sista, tsakaninki da Allah, faɗan nan naku na ran nan, shirya shi kuka yi?"

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Cire takalmi in ga ƙafar."

Na cire.