Gwaggo Kubura Ba Ta Cewa Sabon Gari

Duk wanda ya taso a layin su Gwaggo Kubura a Fagge ya san abu guda game da ita: ba ta cewa Sabon Gari. Shekara arba'in da bakwai tana zaune a gidan da ko tafiyar ƙafa ce za ta kai mutum unguwar kafin shayi ya huce, amma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai dai ta ce "wajen Bata", ko "can ƙetare", in kuma an ishe ta da tambaya ta ce "unguwar nan da kuka sani". Dalilin ba wani mai nisa ba ne. Mijinta sunansa Sabo.

Matan zamaninta ba sa kama sunan miji, wannan kowa ya sani. Amma ita Kubura ta kai abin inda ko kakarta ba ta kai shi ba. Sabon wata a wurinta jinjirin wata ne. Sabon zani sai ta ce "wannan fil ɗin", sabon tuwo kuma "na yanzu". Matan layi sun sha haɗa mata tarko a gidan biki, su kewaye ta da tambayoyi kamar masu neman kwatance, ita kuwa sai ta kalle su sheƙeƙe ta ce, "Ku da Allah ya hore wa rashin kunya, ku faɗa mana." Shi kansa Malam Sabo ya taɓa yi mata alkawarin turmin atamfa daga Kantin Kwari in ta faɗi sunan sau ɗaya tak, ko a kunnensa ne. Ta ce ya riƙe atamfarsa, zannuwanta sun ishe ta. A gaban mutane Malam take ce masa. In su biyu ne kuwa, "ji mana" ya wadatar, kuma yana ji ɗin.

Malam Sabo malamin lissafi ne a firamare, shekara talatin da biyar yana koyar da 'ya'yan Fagge sau da rabawa har ya yi ritaya. Gajere ne, ba ya son hayaniya, hannun rigarsa kullum da farin alli. Rabin masu shaguna a Kwari sun bi ta ajinsa, shi ya sa in ya ratsa kasuwar sai ya dawo gida hannunsa ya gaji da gaisawa. Ba shi da wani ciwo da aka sani. Wata Talata ya dawo daga sallar azahar ya ce kansa na sarawa, bari ya ɗan kishingiɗa. Kubura tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Da aka kira la'asar ta leƙa ta ce, "Ji mana, an fa kira," bai ji ba.

Gida ya cika, kamar yadda gidan mutuwa yake cika. Ɗansu Nafi'u ya zo daga Kaduna, 'yarsu Muhibba ta tattaro 'ya'yanta daga Na'ibawa. Aka yi uku, aka yi bakwai. Masu ta'aziyya kuwa, Allah ya saka musu, kalma ɗaya suka riƙa maimaita mata duk sa'ad da suka ga hawaye: "Sai haƙuri Gwaggo, sabo ne. Shekara arba'in da bakwai ba wasa ba." Su shaƙuwa suke nufi, kuma ko a furuci kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Duk da haka ba a taɓa faɗa ba gabanta bai faɗi ba.

Nafi'u ya koma bakin aikinsa. Muhibba ta zauna har arba'in, ta yi ta roƙon uwar ta biyo ta in an fita takaba, Kubura ta ce gidan nan aka kawo ta, ba ta ga abin da zai fitar da ita ba. Daga nan sai gidan ya koma ita kaɗai, da randa, da kujerar Malam a zaure, da sauran wata uku na takaba. Ta ci gaba da dafa abincin mutum biyu har tsawon sati uku kafin hannunta ya koyi rage awo. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Rana ce ta fi yi mata tsawo, musamman tsakanin hantsi da azahar, lokacin da duk layin ya watse kasuwa ba ka jin komai sai ƙarar adaidaita daga bakin titi.

A cikin wannan zaman ne ta lura da wani abu da ba wanda ya gargaɗe ta a kansa. Sunan ya bar gidan. 'Ya'ya Baba suke cewa, maƙwabta marigayi, tsofaffin ɗalibai Malam. Da matar Nafi'u ta haihu a wata na uku, aka ce an yi wa Baba takwara, Kubura ta ji daɗi har ta yi kuka. Ashe sunan yanka aka ɗauka, Muhammadu, kafin sati ya zagayo kuma yaro ya zama Halifa. Wa zai sa wa ɗansa Sabo a wannan zamanin, ana fama da su Fahad da Usaid? Ita da ta ƙare rayuwarta tana kewaye sunan nan kamar mai kewaye rijiya a tsakar gida, sai ga shi an cike rijiyar, ƙafarta kuma ba ta daina kewayen ba. Da can ba ta faɗa, amma tana ji. Yanzu ba ta faɗa, ba kuma mai faɗa.

Ta gwada da kanta. Bayan sallar walha ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ka jiƙan…" sai harshe ya maƙale. Ta ƙarasa da "bawanka, mijina". Ta san Allah ya san wanda take nufi, ba sai an yi masa kwatance ba. Ita ce dai take son ta ji sunan a kunnenta, daga bakin wanda ya san mai shi, ko da sau ɗaya ne kafin ita ma a kira ta.

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran sunan tsirara, ba Malam ba komai: Alhaji Fatai mai gyaran keken ɗinki. Bayarabe ne, amma a Fagge aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Tare suka yi ƙwallon tsumma da Malam suna yara. Tun da suka ajiye aiki, kullum da hantsi sai Fatai ya tsaya a ƙofar zaure, ba sallama ba komai, ya ƙwala kira, "Sabo! Sabo! Kai dai kullum sai an jira ka!" Kubura ta sha yin mita daga cikin gida, wai tsoho da furfura bai iya sallama ba. Matarsa Rukayat, wadda ƙawar Kubura ce ta ƙut-da-ƙut, ta riga su tafiya da shekara shida. Wata biyar kafin rasuwar Malam, ɓarin jikin Fatai ya shanye, 'yarsa Kaosarat ta ɗauke shi ta mai da shi gidanta a Sabon Gari. Bai zo jana'iza ba. Da Kaosarat ta zo ta'aziyya ta ce sun gaya masa, amma yau a gaya masa gobe ya manta.

Kwana uku da fita takaba, Kubura ta dama kunun gyaɗa ta cika filas, ta ɗauko mayafinta mai kauri. Ba ta gaya wa Muhibba ba, don ta san za ta ce a jira Asabar mijinta ya kai su a mota, a zo a cika ɗaki da yara. Ita lissafinta mai sauƙi ne. Za ta shiga, ta gaishe shi da jiki, ta zauna. Fatai ba ya iya minti biyar bai ambaci abokinsa ba. Ita nata kawai ta kasa kunne.

A bakin titi masu adaidaita suna ta kiran fasinja, "Sabon Gari! Sabon Gari!" kamar abin banza. Ɗaya ya tsaya a gabanta.

"Ina za ki, Hajiya?"

"Bata," ta ce.

Da ta faɗi abin da ya kamata, da an kai ta har bakin layi. A Bata aka sauke ta, can bakin unguwar, cikin cunkoso, masu baro suna ta "hanya, hanya", 'yan dako ɗauke da dilolin atamfa ba sa ko ganin gabansu. Rabonta da fitowa ita kaɗai har ta manta. Malam ne yake shiga gaba, ita tana bin farar hularsa. Yau ba hular da za ta bi, sai ta riƙa bin gefen kwata tana rungume da filas, gwiwarta ta hagu tana yi mata tsiya. Sau biyu tana tsayawa ta huta a inuwar shago. Wata mata mai sayar da busasshen kifi ce ta nuna mata layin, har ta ce, "Sannu Mama, ba yaro a gida ne?" Kubura ta ce akwai, suna makaranta.

Kaosarat tana da shagon kayan masarufi a gaban gida. Da ta hango ta sai ta saki abin da ke hannunta ta durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo! Ke kaɗai? Da ƙafa? Ai da kin aiko na zo na ɗauke ki."

"Ƙafar ba ta mutu ba tukuna. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai mantuwar. Jiya ni ma sai da ya tambaye ni 'yar wace ce."

Ta ja ta zuwa wani ɗaki da ke kallon tsakar gida, ƙofarsa a buɗe, an ɗage labule. Fatai yana zaune a kujera an tokare shi da matasai. Mutumin da muryarsa take cika layi ya koma ɗan mitsitsi, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Kaosarat ta sunkuya ta yi masa magana da Yarbanci, sannan ta maimaita da Hausa, "Baba, matar Baba Ticha ce ta zo gaishe ka daga Fagge." Kafin ya amsa aka ƙwala mata kira daga shago, ta shimfiɗa wa Kubura tabarma a bakin ƙofa ta fita da sauri.

"Alhaji, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Alhamdu lillahi." Bakin ya ɗan karkace, amma maganar tana fita. Ya dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa baƙuwar da ta yi ɓatan gida.

Ta ajiye filas ta ce kunun gyaɗa ne, irin wanda yake so. Ya yi godiya. Ta yi masa zancen Fagge, ta ce an gyara kwatar layinsu, mai shayin bakin masallaci ya aurar da 'yarsa. Yana ta gyaɗa kai. Ta ambaci Rukayat, ya ce Allah ya jiƙanta. Minti biyar ɗin da ta lissafa suka wuce, wasu biyar suka bi bayansu. Ta ji zuciyarta ta karye, don ta gane ta sha wannan tafiyar ne zuwa wurin mutumin da shi ma sunan ya ɓace masa.

Can sai ya ɗan matso da kansa ya rage murya, kamar mai jin kunyar tambayar.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yarinyar nan ta ce matar ticha. Wane ticha?"

"Malam mana, Alhaji. Abokinka. Na firamare."

"Malamai ai suna da yawa."

"Baban Muhibba. Wanda kake zuwa kira kullum da hantsi."

Ya runtse ido yana nema. Ta ga leɓɓansa suna motsi, ta ga wahalar da yake sha, har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya buɗe ido ya girgiza kai, idon ya ciko da ƙwalla.

"Yana nan a bakina, wallahi. Taimake ni, Hajiya. Matar wa?"

Kubura ta waiwaya. Kaosarat tana can tana auna wa wani sukari, tsakar gidan ba kowa sai kaji. Ba wanda zai faɗa in ba ita ba. Ta kafa ido a kan tabarma.

"Sabo," ta ce. "Matar Sabo ce."

Muryar ta fito a dishe. Ta yi mamakin ƙanƙantar sunan, ashe gaɓa biyu ne kawai, har ya ƙare ba ta gama jin ɗanɗanonsa ba.

Fuskar Fatai ta washe gaba ɗaya, har ɓarin da ya shanye sai da ya motsa.

"Sabo! A'a, amaryarmu ce? Ke ce kika zauna nan kamar baƙuwa?" Ya yi dariya, ya buga hannunsa mai lafiya a kan kujera. "To ina ya tsaya? Yana waje yana gaishe-gaishen nan nasa ko?"

Bai jira amsarta ba. Ya ɗaga kai wajen ƙofa, muryar nan ta da ta dawo masa cif.

"Sabo! Sabo! Shigo mana!"

Kubura ta sani sarai. A gabanta aka fitar da shi, ita ta yi wata huɗu da kwana goma tana ƙirga ranaku. Duk da haka sai ta gyara mayafinta, ta janye ƙafafunta daga hanya, ta juya tana duban ƙofar.