Yadda Baba ya warware tambayar Fiziks da sandarsa

Jiya na tarar da 'yata Hauwa'u tana hawaye a kan littafin Fiziks. Jarrabawa ta matso, ta ce ita dai barin ajin kimiyya za ta yi.

Wai mutum ya yi kilomita uku gabas, ya juya arewa ya yi huɗu, nawa ne nisansa da gida? Ta rubuta bakwai, malami ya soke.

Mahaifina, tsohon magini da ya zo mana daga Likoro, yana jinmu. Bai taɓa shiga ajin boko ba.

Ya ce, "Amaryata, bakwai ai wahalar ƙafarsa ce. In zai koma gida, yankewa zai yi."

Ya auna tsawon sandarsa uku a ƙasa, ya juya ya auna huɗu, ya ce ta auna daga ƙarshe zuwa mafari. Ta samu biyar.

Ya ce, "Haka muke daidaita kusurwar ɗaki."

Kafin magariba ta gama sauran tambayoyin ita kaɗai, maganar barin aji ta mutu.

Ni mai digiri na kasa, Baba ya iya, kuma ina alfahari da shi. Ku fa, me tsofaffinku suka koya muku?