Ramin Mandi a Kan Bututun Sanyi

A shekarata ta shida ina kula da wani gida a arewacin Riyad, kafil ɗina, wato maigidan da nake yi wa aiki, ya ce ya gaji da ƙugin na'urorin sanyi da ke kan rufi. Aka kawo motar haƙa irin ta rijiyar burtsatse, aka huda ƙasa wuri huɗu, aka zura baƙaƙen bututun roba. Injiniyan da ya yi aikin ya ce can ƙasa babu zafi irin na sama, ruwa zai riƙa zagayawa yana kai zafin gida can, lokacin sanyi kuma ya ɗebo ɗumi. Ban gane duka ba, karatuna a firamare ya tsaya. Abin da na riƙe shi ne gargaɗinsa: kada a haƙa komai tsakanin bishiyar dabino da katanga, domin ta nan bututun suka bi suka shiga gida.

Ana tsakiyar zafi kafil ya yi tafiya, ya bar mahaifiyarsa, tsohuwa mai ciwon numfashi wadda ba ta jure zafi ko kaɗan. Sai ga ƙaninsa, an yi masa haihuwa, zai yi walima a gidan. Ya zo da wani kuku ɗan Yaman riƙe da diga, za su haƙa ramin mandi, wanda ake cika shi da garwashi a rufe rago a ciki. Ina suka zaɓa? Gindin dabinon nan, wai ya fi inuwa.

Na ciro wayata. Na kira kafil sau uku, wayarsa a kashe.

"Ɗal umrak," na ce wa ƙanin, wato ranka ya daɗe, "akwai bututu a nan."

"Ya Hajji, yaushe ka zama injiniya? Jiya tsintsiya na gani a hannunka. Yalla, matsa!"

Ban matsa ba. Na tsaya daidai inda bakin digar zai sauka. Ya ce in ina son komawa Najeriya a makon nan, shi zai kai ni filin jirgi da kansa. Na san zai iya. Na kuma san in bututun ya fashe ko wuta ta narka shi, ɗakin tsohuwar zai zama tanda kafin la'asar.

Na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya. In ban nuna masa ba, ya yi yadda yake so da ni.

Na durƙusa da ƙaramin cokalin shuka, daga baya da yatsuna, don kada ni ma in huda abin da nake karewa. Ramin ya kai gwiwa, babu komai. Shakka ta kama ni. Ko ta ɗaya gefen dabinon ne? Ko na ji injiniyan ba daidai ba? Gumi yana shiga idona, kukun yana tsaye a kaina yana cewa, "In ka samo fetur, a raba da ni." Na ci gaba. Da ramin ya kusa ƙuguna, yatsana ya taɓa abu mai santsi. Na share yashin, ga baƙaƙen bututu biyu kwance gefe da gefe.

Ƙanin ya leƙa ya gani. Sannan ya juya wajen kukun ya ce, "Khalas, shi ke nan, ku koma bayan gareji."

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Na mayar da yashi da hannu, ina tsince kowane dutse mai kaifi. Da aka buɗe mandi aka kira ni cin abinci, sai da na fara zuwa ƙofar ɗakin tsohuwar na kara tafin hannuna a inda iskar sanyi ke fitowa. Iskar tana nan da sanyinta. Sannan na je na wanke hannu.