Tsokanar Kaka a Ƙofar Guga

Mun tashi da asuba, ana idar da salla muka rufe gida a Kano, mu huɗu: ni, maiɗakina da 'ya'yanmu mata biyu. Ƙaramar tana goye tana barci. Babbar, mai shekara shida, ta shirya tsaf amma fuskarta ba walwala, don ta san Katsina za mu, gidan mahaifiyata, kuma tun bara ta daina son zuwa can.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su san ni ba. Na yi shekaru ina ɗinki a Jidda, a can Allah ya haɗa ni da maiɗakina, 'yar ƙasar Indunusiya. Yaran sun ɗauko haskenta da idanunta da santsin gashinta. Bara da muka je gida, Hajiya, mahaifiyar tawa, ta dubi babbar ta ce, "Wa ya kawo mani wannan mai ƙananan idanu? Ku maida ta inda kuka samo ta." Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wasan kaka da jika ne. Ita yarinyar ba ta sani ba. Dama a unguwarmu yara na bin ta da "'yar Caina", sai ga kakarta ta faɗa da bakinta. Shekara guda tana riƙe da maganar. Ko an tambaye ta 'yar ina ce, sai ta sunkuyar da kai. Abin da na tafi nema ke nan a wannan tafiya: ta yarda gidan can nata ne.

Saboda haka kwana biyu kafin mu taso na kira ƙanwata, na ce ta roƙar mani Hajiya a bar tsokanar wannan karon. Ni a ganina dabara na yi.

A tasha mun tarar kuɗin mota ya sake tashi. Direba ya ɗora laifin a kan mai, mu kuma muka ɗora a kan direba, aka yi dariya aka shiga. Wani dattijo a kujerar gaba ya waiwayo ya tattaro ɗan Turancinsa ya gaida maiɗakina. Ta ce masa, "Lafiya lau, Baba, ya iyali?" Bawan Allah ya riƙe baki, har muka wuce Dawanau yana cewa ikon Allah.

Hanyar ba laifi, sai wuraren da ake aiki a karkatar da mu gefe. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai hagu da dama. Shekarata ɗaya da shiga ajin manya, don haka yanzu da kaina nake karanta allunan hanya. Bichi ba ta ba ni wahala ba. A Tsanyawa na tsaya haɗa baƙi har mota ta wuce allon, babbar ta ƙarasa mani a hankali don kada fasinjoji su ji. A Kankiya aka tsaya, masu talla suka rufe tagogi: dafaffiyar gyaɗa, gasasshiyar masara, ƙosai mai zafi. Ƙosan ya ƙanƙance, amma yajinsa bai ragu ba. Ƙaramar ta farka ta ci uku. Babbar ta ce ta ƙoshi. Da muka shigo ƙasar Batagarawa, gine-ginen Katsina suka fara bayyana, sai na ji ta matso ta riƙe hannun rigata.

Napep ya sauke mu a Ƙofar Guga da hantsi. Mun daɗe a zaure ana gaisawa, ya hanya, ya mutan Kano, ya ruwa, ya muka same ku. Da muka shiga ciki, Hajiya ta cika alkawari har ta wuce gona da iri. Ta sa aka shimfiɗa wa babbar sabuwar darduma ita kaɗai. Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗiyata. Kin sha hanya." Aka kawo mata dambu a farantin tangaran da ba a fiddo shi sai an yi baƙi, har da cokali. Na ji daɗi, na ce a raina an gyara.

Da azahar sauran jikoki suka dawo daga makaranta, su wajen bakwai, gida ya kaure. Hajiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta ce baƙi ne kamar gindin tukunya. Waccan ta ce kunnuwanta sun isa fifita. Wani ta ce ta sake shi tunda bai kawo cefane ba. Su kuma ba su bar ta ba. "Tsohuwa mai ran ƙarfe!" "Hajiya, haƙoranki nawa suka rage?" Ta ɗaga sandarta, suka watse suna dariya, suka dawo suka zauna a jikinta, suka sa hannu a kwano ɗaya.

Ana cikin haka ɗiyar maƙwabciyarsu ta shigo da aike. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce daga Filato, sun daɗe a unguwar. Hajiya ta gyara murya ta ce, "Sannu, ɗiyata. Ki gaida mamanki." Daidai irin muryar da ta yi wa tawa.

Ina zaure bayan la'asar babbar ta zo ta tsaya a gabana. Ta ce, "Baba, me ya sa Hajiya take tsokanar kowa ban da ni? Ni baƙuwa ce?"

Da hannuna na sa aka ware ta. Na zaunar da ita na ce, "Laifina ne. Ni na ce ta bari, don na ga bara kin ji haushi." Na tambaye ta ko ta ga Hajiya ta tsokani yarinyar da ta kawo aike. Ta ce a'a. Na ce, "To kaka ba ta wasa da ɗan wani. Nata kawai take tsokana. Abin da ta faɗa maki bara, da baƙuwa ce ke ba za ta faɗa ba."

Ta ce, "Amma su ai suna ramawa."

Na ce, "Ke ma sai ki rama."

"Ba za a dake ni ba?"

"Wa zai dake ki? Kakarki ce."

Uwarta ta fito ta same mu. Ta buɗe wayarta ta nuna mata hoton tata mahaifiyar, wadda yaran ke kira Nenek, wato kaka da yarensu. Ta sa hoton kusa da fuskar yarinyar ta ce, "Duba idanun. Nata ne, ta ba ni, na ba ki." Ni kuma na ce ta je ta ƙare wa hancin Hajiya kallo, ta dawo ta duba madubi. Ta tafi, ta leƙa, ta dawo tana toshe baki.

Da na je wa Hajiya da maganar, ta ce, "Ai ni dama na ƙosa. Yini guda ina magana kamar a asibiti. Halan kai ka haife ni da za ka koya mani zama da jikokina?" Na ba ta haƙuri.

Washegari da safe ana shan koko a tsakar gida, kowa na nan. Hajiya ta kalli babbar ta yamutsa fuska. "Ke, har yanzu ba a maida ki ba? Mi kike gani da waɗannan idanun?"

Kowa ya juyo yana kallon yarinyar. Ni kaina na ajiye ludayi. Yarinyar ta kalle ni, ta kalli uwarta, sannan ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu.

"Idanun na Nenek ne, kuma ina ganin komai da su. Hancin ne naki, shi ya sa ya baje."

Ƙanwata ta ƙware da koko. Yara suka hau tsalle suna ihu. Hajiya ta yi salati ta ɗaga sanda, "Ku kamo mani ita! Ja'ira, a gidan mijina za ki zage ni?" Yarinyar ta ruga bayan turmi tana ƙyalƙyala dariya, ta leƙo ta ce, "Gidan kakana ne!" Da aka kawo abincin rana ba wanda ya sake fiddo tangaran. Ta kutsa tsakanin 'yan'uwanta ta sa hannu a kwano.

Da yamma aka kira Nenek a waya, ana ganin juna. Tsofaffin biyu ba mai jin yaren wata, sai babbar ta zauna a tsakiya tana tafinta. Hajiya ta ce a gaya mata ta aiko da wasu idanun, waɗannan sun yi kaɗan. Nenek ta ce za ta aiko, in an rage hancin. Ban sani ba ko haka ta faɗa ko tafinta ce ta ƙara gishiri.

Kafin mu bar gari na kai su ganin hasumiyar Gobarau. A bakin hanya wasu yara suka fara, "'Yar Caina! 'Yar Caina!" Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. Ta ce, "Indunusiya ake cewa. Mamata ce 'yar can. Babana ɗan Ƙofar Guga ne. Ni duka biyun." Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai, tana jin Hausa!" Ta ce, "Na fi ka."

Mun kamo hanyar Kano ran kwana na uku, da guzurin daddawa da kuka da Hajiya ta ɗaure mana. Mun iso gida kafin magariba, lafiya lau, alhamdu lillahi.

Abin da tafiyar nan ta koya mani shi ne, shekara guda na yi ina tare wa yarinyar nan magana, ina hana mutane, ina canza zance in ta tambaya. Ashe ba kariya take nema ba. So take a faɗa mata a fili daga ina kowane abu nata ya fito, a bar ta ta amsa da bakinta. Yanzu ƙaramar ce ta rage. Shekararta uku, kuma yayarta ta riga ta fara koya mata abin da za ta ce wa Hajiya.