Raliya Ta Ƙi Aurar da Bazawarar ga Likitanta

Raliya tela ce a Kebbe, tana kuma zana labarin soyayya mai hotuna tana sakawa a waya. Cikin labarin wata bazawara ta warke daga ciwon damuwa, sai masu karatu suka dage ta auri likitanta. Raliya ta ƙi.

Yayarta Saudatu ta iske ta shago a fusace. "Baƙin hali gare ki. Mi likitan labarin nan, bawan Allah, ya yi miki?"

"Yaya, likitan da kuka kai ni wurinai Tambuwal lokacin da ni ma na yi ciwon damuwa, ina kuka yana shafa mini hannu. Bai tambaye ni ba."

Saudatu ta ce sharri ne. Masu karatu suka watse da zagi. Raliya ta zana bazawarar ta karɓi maganinta, ta koma gida ita kaɗai.